KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Jama'a, duk wanda ya taɓa kai bijimi kara ranar kasuwa ya san cewa kafin mai saye ya shafa doron dabba, bakin dillali ya riga ya sayar da ita sau uku. Dillali ne zai rantse ya maya, ya ce ba a taɓa ganin irin wannan sa ba tun da a ke kiwo. In ciniki ya faɗa ya karɓi la'adarsa ya kaɗe riga ya yi gaba. In daga baya aka ga san bai kai yadda aka zuga shi ba, ba wanda zai nemi dillali, sai a bi dabba da zagi, alhali kuwa ita ba ta taɓa buɗe baki ta ce ita wata tsiya ce ba.

Abin da ya tuna mini da wannan shi ne labarin wani yaro ɗan ƙasar Japan mai wasan tamaula, sunansa Takefusa Kubo. Allah ya ba shi haƙuri da na kawo misalin dabba a kansa, amma in kun bi ni sannu a hankali za ku ga ba ni na fara mai da shi haja ba. 'Yan'uwanmu masu zuwa gidan kallo sun san shi sarai. Ɗan gajere ne, bahago, ya kan tsaya a gefen dama ya kutso ciki da ƙwallo kamar an ɗaura masa ita a ƙafa da zare. An haife shi ran 4 ga watan Yuni 2001 a Kawasaki, wani gari mai yawan masana'antu a jikin Tokyo. Tun bai san ciwon kansa ba sunansa ya cika ƙasarsu, ya ƙetare teku. Tambayar da na ke so mu yi yau ita ce, wannan suna da ya yi, na wane ne, kuma aljihun wa ribarsa ta ke shiga?

Kulob ɗin Barcelona na ƙasar Sifen ya kan buɗe makarantar ƙwallo ta 'yan kwanaki a ƙasashe dabam dabam. Iyaye su biya, yara su zo su koya, su kuwa masu kulob suna gefe suna baza ido, watau dai a biya ka kuɗi ka zaɓi kayan da ka ke so. A irin wannan zama ne cikin 2009 aka ga Kubo yana ɗan shekara 8. Cikin 2011, yana da shekara 10, aka ɗauke shi zuwa gidan renon yara na Barcelona wanda a ke kira La Masia. Uwarsa da ƙanensa suka bi shi, uban ya zauna Japan wajen aikinsa. Ku dubi wannan da kyau, gida guda an raba shi biyu, tsakanin uba da ɗa tafiyar fiye da awa 12 a jirgin sama, duk saboda ƙafar hagun yaro ɗan shekara 10. Yaron kuwa bai ba da kunya ba. A kakar wasa ta 2012 zuwa 2013 ya ci ƙwallo 74 a wasa 30 cikin tsararrakinsa. Nan da nan jaridu suka laƙaba masa suna, wai Messi na Japan.

To, a nan ne ɓarna ta soma. Hausawa sun ce suna linzami ne, sun kuma ce zanen aro ba ya rufe katara. Wa ya tambayi yaro ko yana son a kira shi da sunan wani? Messin nan da a ke faɗa, sau 8 aka ba shi kyautar gwanin duniya. Cikin dukan waɗanda suka taɓa taka tamaula tun da aka fara ta, babu mai wannan adadi sai shi kaɗai. Ka ɗauki wannan mudu ka ce da shi za ka auna ɗan shekara 11, ai ka riga ka yanke masa hukuncin faɗuwa tun bai shiga jarrabawa ba. In ya zama gwani na ƙwarai, a ce ai bai kai Messi ba. In ya yi tuntuɓe, a ce da ma ƙarya ce. Ta kowace fuska shi ne da asara. Mai jarida kuwa ya sayar da takardarsa ranar da ya yabe shi, zai kuma sake sayar da ita ranar da ya kushe shi.

Akwai dalilin da ya sa mutanen Japan suka rungumi wannan zance hannu bibbiyu. Tun cikin 1981 wani mai zane, Yoichi Takahashi, ya fara fitar da wani labari na zane-zane mai suna Captain Tsubasa, labarin wani yaro ɗan Japan da ya tashi da son ƙwallo har ya kai ga yi wa Barcelona wasa. Miliyoyin yara sun girma da wannan tatsuniya a lokacin da ƙasarsu ba ta ma da gasar ƙwararru, don sai cikin 1993 aka kafa ta. Saboda haka da aka ce ga yaro na jini da tsoka ya shiga Barcelona, sai jama'a suka ga kamar tatsuniyarsu ce ta sauko daga takarda ta taka ƙasa. An riga an ɗinka rigar shekara 20 kafin a haifi mai sa ta. Da ya zo aka zura masa, ba wanda ya tsaya duba ko ta yi masa daidai.

Ana cikin haka sai hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta binciko cewa Barcelona ta karya doka. Dokar ta ce ba a ɗauko yaro daga wata ƙasa zuwa wata don ƙwallo sai ya cika shekara 18, in ba iyayensa ne suka yi ƙaura saboda wani dalili nasu da bai shafi ƙwallo ba, ko kuwa wasu 'yan sharuɗɗa kaɗan. Cikin watan Afrilu 2014 aka ci Barcelona tarar kuɗin Suwizalan 450,000, aka kuma ce ba za ta sayi ɗan wasa ba har zango biyu na ciniki. Ni ban ƙi wannan doka ba ko kusa. Kowa ya san 'yan damfarar da ke bin iyaye a Afirka da Amurka ta Kudu da daɗin baki, a sayar da gona a ba su kuɗi, su kai yaro Turai su yar da shi a tashar jirgi. Dokar domin irin waɗannan yara aka yi ta, kuma tana bisa hanya. Amma ku zo mu ga wanda bulala ta sauka a bayansa.

Barcelona ta ɗaukaka ƙara. Kafin a gama shari'a ta yi wuf ta cika rumbunta, ta sayo Luis Suarez da waɗansu cikin damina ta 2014. Da shekara ta kewayo, cikin 2015, ta cinye gasar Sifen, ta cinye kofin Sarkin Sifen, ta cinye kofin zakarun Turai. Kofi uku rigis a shekarar da a ke cewa ana horonta! Shi kuwa yaron da ba shi ya rubuta takarda ba, ba shi ya karya doka ba, an hana shi shiga wasan gasa, sai dai ya yi atisaye ya koma gefe ya zuba ido. Da abin ya ishe su, cikin watan Maris 2015 suka tattara nasu ya nasu suka koma Japan, yana da shekara 13. Attajiri ya yi laifi, an kama ɗan dakonsa an ɗaure. In akwai wani suna da ya dace da wannan ban da zalunci, mai karatu ya faɗa mini.

Da ya dawo gida ya shiga kulob ɗin FC Tokyo, masu ɗaukar hoto suka yi masa caa. Ran 5 ga Nuwamba 2016 ya shiga wasan manya a rukuni na uku yana da shekara 15 da wata 5. Cikin Afrilu 2017 ya ci ƙwallonsa ta fari, ya zama mafi ƙanƙantar shekaru da ya taɓa ci a gasar ƙwararrun Japan har zuwa lokacin. A wannan shekara aka tafi da shi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Koriya ta Kudu, yana wasa da waɗanda suka ba shi shekara huɗu har biyar. Wasan rukuni na uku da ba kowa ke kula da shi ba ya koma abin da a ke turereniya a gani. Sa'anninsa suna fama da karatun sakandare, shi kuwa ko tari ya yi sai an buga.

Yanzu ga inda na ke so 'yan kasuwa su kasa kunne, don su ne za su fi kowa gane wannan lissafi. Ran 4 ga Yuni 2019 ya cika shekara 18, watau ƙofar Turai ta buɗe. Ran 9 ga wata ya fara yi wa babbar ƙungiyar ƙasarsa wasa. Ran 14 ga wata Real Madrid, babbar kishiyar Barcelona, ta ba da sanarwa cewa ya zama nata. Kwana goma kacal! A dokar Sifen kuwa kulob ba ya rajistar baƙi 'yan wajen Tarayyar Turai irin su Kubo fiye da uku. Gurabun nan uku na Madrid, 'yan Birazil uku ne ke kansu: Vinicius da Rodrygo da Militao. Madrid ta san da haka kafin ta sa hannu, ba daga baya ta farga ba. To, me ya sa mutum zai sayi doki alhali ya san babu turke a bargarsa?

Amsar tana wurin mai sayen hatsi da kaka. Ba don yunwa ya ke saye ba. Ya saya da araha ya kulle a sito, ya jira bazara. In farashi ya hau ya ci riba, in bai hau ba asararsa kaɗan ce, kuma ko ba kome ya hana maƙwabcinsa samu. Haka Madrid ta yi. Ta sa masa farar riga, ta yi yawo da shi a wasannin sada zumunci a Amurka da Jamus, aka ɗauki hotuna, Japan ta ɗauki sowa. Sa'an nan cikin watan Agusta aka ba da shi aro ga Mallorca. Daga ranar da aka saye shi har ranar da aka sayar da shi, shekara uku cur, bai taɓa yi wa Real Madrid wasan gasa ko da na minti ɗaya ba.

Shekarun nan uku kuwa jakin haya ya zama. Mallorca shekara guda, ya ci ƙwallo 4, kulob ya faɗa rukuni na biyu. A cikin wannan shekara, watan Disamba 2019, ya je filin Barcelona a karo na farko a matsayin baƙo, 'yan kallo suka yi ta yi masa ihu da fito don wai ya ci amanarsu ya tafi Madrid. Ku ji fa! Mutanen da laifin kulob ɗinsu ne ya kore shi daga garin yana yaro, su ne ke kiransa maci amana. Daga nan sai Villarreal, inda ya fi ɗumama benci, har aka katse aron da rabin shekara. Sai Getafe wata biyar. Sai kuma Mallorca, inda ya ji ciwo a gwiwa ya yi jinyar kimanin wata biyu. Aro huɗu, ƙwallo 6 a gasar Sifen cikin shekara uku. Kowane mai horarwa ya san yaron ba nasa ba ne, baɗi zai tafi, to don me zai ɓata lokacinsa yana gyara shi? Wa ya taɓa yi wa jakin haya kitso a wutsiya? A ɗora masa kaya dai, a mayar wa mai shi da magariba.

Amma kada ku ce ba a ci riba ba. An ci. Tsakanin Sifen da Japan akwai ratar awa 7 da rani, awa 8 da hunturu, wasan da aka fara da ƙarfe 9 na dare a Sifen sai mutumin Tokyo ya tashi da asuba ya kalla, kuma suna tashi, suna biyan kuɗin kallon. Manema labarai na Japan suka tare a tsibirin Mallorca. Cikin 2021, da ya koma can karo na biyu, wani kamfanin Japan mai suna Taica ya sayi gaban rigar kulob ɗin ya sa tallarsa. Ƙaramin kulob da a da ba kowa ya san sunansa a Asiya ba ya sami kasuwa a can. Kura na shan bugu, gardi na karɓar kuɗi.

Ba kuwa a kansa aka fara ba. Cikin 1998 Hidetoshi Nakata ya je Perugia ta Italiya, ranar farko ya zura wa Juventus ƙwallo biyu, 'yan yawon buɗe ido daga Japan suka yi ta tururuwa zuwa garin suna sayen riga mai sunansa. Tun daga ranar Turawa suka ɗanɗana zumar. Cikin 2001 Arsenal ta Ingila ta ɗauko Junichi Inamoto, ya shekara bai buga wasan babbar gasa ko ɗaya ba, har a ke yi masa ba'a ana cewa don sayar da riga aka kawo shi. Wannan mutumin da aka raina shi ne ya ci wa Japan ƙwallo biyu a gasar kofin duniya ta 2002. Shekara goma bayan Inamoto, Arsenal ɗin dai ta ɗauko Ryo Miyaichi daga makarantar sakandare, aka ba da shi aro Holan, can ma aka ara masa sunan wani gwanin Birazil aka liƙa masa. Aro bayan aro, ciwo bayan ciwo, gwiwoyinsa suka yi ta tsinkewa. Masu kirarin da suka kai shi sama, ko mutum ɗaya bai raka shi asibiti ba.

Nauyin da a ke ɗora wa irin waɗannan yara ya fito fili cikin 2021, lokacin da Tokyo ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, filaye wayam babu 'yan kallo saboda annobar korona. Kubo ya ci Afirka ta Kudu, ya ci Meziko, ya ci Faransa, wasa uku a jere. Ƙasa duka ta sa rai da lamba, domin rabon Japan da lambar ƙwallon maza a Olamfik tun 1968, lokacin da Kunishige Kamamoto ya ci ƙwallo 7 suka samo ta tagulla. (Dattawanmu masu dogon tunani sa tuna cewa uku daga cikin bakwai ɗin nan a ragar Nijeriya ya zuba su, aka tashi 3 da 1.) To, Sifen ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, sa'an nan ran 6 ga Agusta Meziko ta doke su 3 da 1 a wasan neman tagulla. Yaron ya zube a filin Saitama yana kuka da sheshsheka kamar wanda aka yi wa rasuwa, manyansa suna ɗaga shi yana komawa. An ɗauki hoton, an watsa wa duniya. Hawayen ma sai da aka sayar.

Abin da ya cece shi, a ganina, shi ne ranar da ya haƙura da babban gida. Cikin Yuli 2022 Madrid ta sayar da shi ga Real Sociedad a kan kimanin Yuro miliyan 6 da rabi. Kulob ne na San Sebastian, garin da mutanensa ba su kai 200,000 ba, a ƙasar Baskawa ta arewacin Sifen, kulob mai renon 'ya'yansa da kansa. Waɗansu suka ce ya faɗo, daga fada ya koma ƙauye. Ni kuwa na ce gara ka zama mai rumfa a ƙaramar kasuwa da ka zama yaron shago a babbar kasuwa wanda ba a bari ya taɓa ma'auni. A karo na farko ya sami mai horarwa, Imanol Alguacil, wanda ya san yaron nasa ne, in ya gyaru shi zai mora. Ya sami dattijo irin David Silva a kusa da shi yana koyo. Ranar farko ya ci Cadiz. Kafin shekara ta ƙare ya ci 9, abin da wani ɗan Japan bai taɓa yi ba a kaka guda a babbar gasar Sifen. Cikin Mayu 2023 Real Madrid ta zo garinsu, ya zura mata ɗaya, aka tashi 2 da nema. Sociedad ta ƙare ta huɗu, ta shiga gasar zakarun Turai bayan shekara goma rabonta da ita. Ƙafar dai ita ce ta jiya, ba a canja masa wata ba. Abin dariya kuma, 'yan makonni bayan an sayar da shi Vinicius ya sami takardar zama ɗan Sifen, gurbin da aka shekara uku ana jira ya buɗe, mai jira ya riga ya tafi.

A wannan kulob ya haɗu da ɗanmu na Kaduna, Umar Sadiq, wanda aka sayo daga Almeria a farkon Satumba 2022 a kan kimanin Yuro miliyan 20, watau ninki uku na kuɗin Kubo. Sadiq bai taɓa samun rabin kirarin da aka yi wa Kubo ba, amma ya zo da shaidar ƙwallayen da ya tara a rukuni na biyu, kuma mai saye da idonsa ya ke saye, ba da kunnensa ba. Ranar farko ya ci Atletico Madrid. Bayan mako guda jijiyar gwiwarsa ta tsinke, shekarar duka ta tafi a jinya. Na kawo wannan don mu tuna irin jarin da waɗannan samari ke kasuwanci da shi. Mai goro in huhu ɗaya ya lalace yana da wani. Ɗan ƙwallo jarinsa duka jijiya ce da ba ta kai kaurin yatsa ba.

Kada kuma a ce ina zuga Kubo kamar dillalin da na zarga. A gasar kofin duniya ta 2022 a Katar, Japan ta ba duniya mamaki, ta doke Jamus 2 da 1, ta doke Sifen 2 da 1. A duka wasannin biyu da shi aka fara, a duka biyun an cire shi a hutun rabin lokaci ana cin Japan ɗaya, kuma bayan fitarsa ne aka rama aka yi nasara. Waɗanda suka juya wasannin su ne irin su Ritsu Doan da Kaoru Mitoma. Shi Mitoma ma ɗan Kawasaki ne, gari ɗaya da Kubo, gidan reno ɗaya suka taɓa zama, na Kawasaki Frontale. Da ya kai shekara 18 aka yi masa tayin zama ƙwararre, ya ce bai nuna ba tukuna, ya tafi jami'ar Tsukuba ya yi shekara huɗu, har ya rubuta kundinsa a kan dabarar yanke abokin karawa. Ya fito ba ganga ba algaita, ya je Brighton ta Ingila cikin 2021 a kan kuɗi kaɗan, ya gagari masu tsaron baya. Ɗaya an ciro shi ɗanye an sa a kasko, ɗaya an bar shi ya nuna a bishiya, ga su sun haɗu a ƙungiya ɗaya.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, malam, kai da ko keke ba ka da shi, kana jin tausayin wanda albashinsa na mako ya fi cinikinka na shekara goma? Gaskiya ne, Kubo ba matalauci ba ne, kuma sunan nan ya buɗe masa ƙofofi da yawa da ba a buɗe wa waɗansu ba. Ba sadaka na ke nema masa ba. Abin da na ke cewa, tsarin da ya bi ta cikinsa ya tsira da ƙyar, shi ne ya haɗiye ɗaruruwan yara da ba mu san sunansu ba. Shi ya tsira don yana da iyaye masu hali da natsuwa, yana da ƙasa mai gasa tsayayya da zai koma, ya kuma iya Sifananci kamar ɗan gari har ya kan ba 'yan jarida dariya da shi. Yaron da ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan fa? In mun ga wanda ya haye kogi da rai, sai mu tambayi nawa ruwa ya ci kafin mu yabi mai fito.

Wani abu da ya ƙara mini ganin girmansa ya faru a farkon 2024, da aka kira shi gasar kofin Asiya ana tsakiyar kakar wasa. Ya faɗa a fili cewa abin takaici ne a sa gasar a irin wannan lokaci, domin Sociedad ce ke biyansa albashi, amma tilas ya amsa kiran ƙasa. Waɗansu suka ji haushi, wai bai nuna kishin ƙasa ba. Ni ban ga laifinsa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Manyan hukumomin ƙwallo su ke zama a ɗaki mai sanyi su tsara gasa a kan gasa, don kowace gasa kuɗi ce gare su, gwiwar da za ta tsinke kuwa ba tasu ba ce. Ya je ya buga, Iran ta fitar da su, ya koma bakin aikinsa. Ran 20 ga Maris 2025 kuma, wanda aka ce ba shi da kishi, shi ya miƙa ƙwallon da aka ci ta fari, ya ci ta biyu da kansa a kan Bahrain, Japan ta zama ƙasa ta farko, ban da masu masaukin baƙi, da ta sami shiga gasar kofin duniya ta 2026. Yabon gwani ya zama dole.

Sai dai duk sunan nan bai saya masa mutunci a idon waɗansu ba. Cikin Fabrairu 2020, yana Mallorca, wani ma'aikacin kulob ɗinsa da kansa ya ja gefen idanunsa da yatsu don ya nuna shi ne a ke kira ya shiga fili. Cikin Janairu 2025, a filin Valencia, yana motsa jiki a gefe, waɗansu 'yan kallo suka yi ta kiransa ɗan Sin suna yi wa idanunsa ba'a. Mu baƙar fata ba sai an fassara mana wannan karatu ba, a wannan fili ne aka ci mutuncin Vinicius cikin 2023. Ana son kuɗin Japan, ana son 'yan kallon Japan su tashi da asuba, amma fuskar ɗan Japan abin dariya ce. Ka karɓi kuɗin mutum da hannun dama, ka yi masa daƙuwa da na hagu.

Ita ma Sociedad ba waliyyiya ba ce. Cikin 2023 wani kamfanin Japan mai suna Yasuda ya hau gaban rigarta, cikin 2024 kuma sau biyu ta kwashi 'yan wasanta zuwa Japan wasan sada zumunci, ɗaya a Tokyo ɗaya a Osaka, kowa ya san fuskar wa aka je nunawa. Bambancinta da Madrid shi ne ita ta ci riba ta kuma bar shi ya yi sana'arsa, wannan kuwa ciniki ne da ba na jin kunyar sa masa albarka.

Ga ƙarshen lissafin, ku ɗauki alli. Cikin Fabrairu 2024 ya sabunta yarjejeniya da Sociedad har zuwa 2029, da sharaɗin cewa mai son ɗaukarsa ko kulob bai yarda ba sai ya ajiye Yuro miliyan 60, kusan ninki tara na kuɗin da aka saye shi. A dokar FIFA, in an sayar da ɗan wasa a kan cire kashi 5 cikin 100 a raba wa kulob-kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Ƙananan kulob na Kawasaki da suka koya masa taɓa ƙwallo tun yana ɗan mitsitsi ba su cikin wannan rabo, don ya bar hannunsu yana da shekara 10. Barcelona da ta karya doka a kansa tana ciki. Real Madrid kuwa, lokacin da ta sayar da shi cikin 2022, ta sa an rubuta mata rabin ribar duk cinikin da za a yi a kansa nan gaba.